DT 125 ko Suzuki AX100: wanne ya cancanci a tayar da shi a Damagaram?

Ɗan ƙanwata ya same ni bayan la'asar da hotuna biyu a waya. Na farko Suzuki AX100 ne ja, ya shekara da shekaru jingine a zauren wani gida a Birni, ƙura ta rufe shi har ba a gane rubutun tanki. Na biyu Yamaha DT 125 ne fari, irin wanda ma'aikatan furoje suka riƙa shiga karkara da shi, yana kwance bayan wani gareji can wajen kasuwar Dole, ba sarƙa, ba fitila. Ya ce, "Kawu, kuɗina na ɗaya ne. Wanne zan tayar?"

Na hau duka biyun, na kuma kwance injin kowannensu da hannuna, shi ya sa ban ba shi amsa a tsaye ba. Na ce ya zauna. Abin da na faɗa masa ne nake son in shimfiɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. Baburan China da na Indiya masu bugu huɗu sun cika gari, su ne a hannun kusan kowane ɗan kabu-kabu, amma har yau in tsohon babur mai hayaƙi ya wuce yana wannan kukan nasa siriri, sai ka ga dattawa sun ɗaga kai daga hira.

Duka biyun injin bugu biyu ne, wanda makanikanmu ke kira de-tan. Pisto ya hau sau ɗaya, ya sauka sau ɗaya, wuta ta tashi. Ba bawul a kan silanda, ba sarƙar da ke juya su. Ramuka ne a jikin silanda, pisto da kansa ke buɗe su yana rufewa. Babu kuma baƙin mai kwance a ƙasan injin kamar na bugu huɗu. Man da ke shafa pisto da rulma, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sassan injin ke juyawa a kai, yana shiga ne tare da isansi, ya yi aikinsa, ya ƙone, ya fita ta salansa. Hayaƙin ke nan. Wannan sauƙin shi ne daɗin injin, shi ne kuma rauninsa: duk abin da ya shiga ta bakin karburato, iska ce ko ƙura, sai ya ratsa ta cikin zuciyar injin kafin ya kai wurin ƙonewa. A garin da hunturu ke hana ka ganin ƙarshen layi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Daga nan suka raba hanya. AX100 injinsa cc 98 ne, faɗin silanda milimita 50, tafiyar pisto milimita 50, giya huɗu. An yi shi ne don mutumin da zai je aiki ya dawo, ya ɗauko buhun hatsi, ya kai maiɗaki asibiti. Kujerarsa doguwa ce a miƙe, ƙafa na kai ƙasa ba tare da ɗage ba, mai babbar riga ya hau ba ya tattare ta har wuya. DT 125 kuwa cc 123 ne, faɗin silanda milimita 56, tafiyar pisto 50, giya biyar a na farko-farko, shida a waɗanda suka biyo baya. Jinsinsa ya faro daga DT-1 da Yamaha ta fitar a 1968, babur ɗin da aka ƙera don ya hau kwalta ya kuma sauka daji. A yawancinsu tayar gaba inci 21 ce, ta baya 18, cikinsa ya yi nesa da ƙasa, salansarsa ta bi ta sama. Ina maganar DT mai sanyaya injin da iska ne, ba na baya-bayan nan masu radiyato ba. Waɗancan wata duniya ce daban, da wani kashin kuɗi daban.

Tambayar farko da na yi wa yaron ita ce: ina za ka da shi? Ba wanne ya fi kyau ba, ba wanne ya fi gudu ba. In zirga-zirgarka daga Zango zuwa Sabon Gari ce, ko ka bi kwalta zuwa Mirya ranar Lahadi ka ci kasuwa ka dawo, Suzuki ya ishe ka har ya yi saura, kuma zai sha mai ƙasa da DT sosai. Amma in kana da gona a inda kwalta ta ƙare, in kana bin hanyoyin rairayi na wajen Damagaram Takaya ko ƙauyukan da ke gefen hanyar Tanut, to nan DT ke nuna asalinsa. Babbar tayar gaba ba ta nutsewa da wuri, tana hawa kan rami maimakon ta faɗa ciki. Na taɓa ratsa wani kwari da damina a kan DT, ruwa na dukan ƙasan injin, na fita ban sa ƙafa a ƙasa ba. Da Suzuki ne, da salansarsa da ke kwance a ƙasa ta sha ruwa tun a tsakiya. A cikin yashi mai zurfi kuma Suzuki yakan yi ta rawar kai, kana kokawa da shi da kafaɗu, giya ta biyu ta yi masa nauyi, ta farko ta sa injin ya yi ta kururuwa yana zafi.

Sai dai yawancinmu ba ma shiga yashin da muke tsammani. Mutum ya sayi DT saboda tafiya biyu a shekara, sauran kwanakin yana fama da tsayinsa a lungunan Birni, uwargida na neman dutsen takawa kafin ta hau.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi ta farko nauyi, wato kayan gyara. A nan Suzuki ya yi sa'ar da DT bai yi ba. Kamfanin Jincheng na birnin Nanjing a China ya daɗe yana ƙera AX100, kuma baburan Jincheng sun cika arewacin Najeriya shekaru masu yawa, su ne ƴan acaɓa suka ci abinci da su kafin zuwan Boxer na Indiya. Saboda haka kayansa na nan birjik a Kano, suna kuma hawowa ta Matamai da Magarya su iso mana. Pisto, sigma (zoben pisto), silanda sukutum, faifan kuloci, wayar totur, har murfin gefe, da wuya ka nema ka rasa. Ba kowane abu ke zama daidai a tsohon na Japan ba, don haka ka ɗauki tsohon ƙarfen a aljihu ka je ka gwada a gaban mai shago, amma yawanci suna shiga. Kuma kowane makanike da ya kai shekara arba'in ya san wannan injin kamar tafin hannunsa.

DT ba haka yake ba. Kayansa na gaske, masu kwalin Yamaha, sun yi ƙaranci kuma suna da tsada. Na kwaikwayo akwai, amma ingancinsu kamar rake ne a duhu, wani ya yi zaƙi wani ya yi lami. Kuma abin da ke karya wa mai DT gwiwa ba pisto ba ne, ƙananan abubuwa ne: robar da ke haɗa karburato da akwatin filtar iska, murfin akwatin kansa, tankin mai na gefe, salansa mai tumbi wadda in ta ruɓe ba mai walda da zai ƙera maka irinta daidai. Tumbin nan ba ado ba ne. Siffarsa ce ke mayar da iskar man da ta tsere zuwa cikin silanda a daidai lokacin da ya kamata, kuma in aka maye ta da bututu miƙaƙƙe, rabin ƙarfin babur ɗin ya tafi. Akwai kuma samfurin MX mai amotisa, wato abin da ke shanye gargadar hanya, guda ɗaya doguwa da ta shige ƙarƙashin tanki. Tana da daɗin hawa in tana da rai. In ta mutu, samun madadinta aiki ne. Mai amotisa biyu a baya ya fi sauƙin sha'ani. Shi ya sa na ce wa yaron: DT da ya cika, ko da injinsa a daskare yake, ya fi DT mai tashi wanda aka yi wa fashin kaya. Injin ana gyara shi. Abin da ya ɓata ne ba ya dawowa.

Kafin ka biya kuɗin kowanne, ka duba lambar da aka buga a wuyan ƙashin babur ka gwada ta da ta kartigiris, wato takardar babur ɗin. Wanda ba takarda, ka ɗauke shi a matsayin kayan gyara kawai.

Yanzu cikin injin, inda na fi son a tsaya. Mutane na buɗe sama, su canja pisto da sigma, su rufe, babur ya tashi, su ce an gama. Ba a gama ba. A gefe biyu na karanshaf, ƙarfen da pisto ke juyawa a ƙasan injin, wanda wasu makanikanmu ke kira bilbirke, akwai zoben roba guda biyu, juwan-sipi. Injin bugu biyu da ɗakin karanshaf yake numfashi, dole ɗakin ya zama a toshe ruf. Robar da ta yi shekaru a zafin Damagaram, inda watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ta bushe ta zama kamar ɓawon gyaɗa. In na ɓangaren wuta ya lalace, injin zai riƙa zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya, man ya yi masa kaɗan, zafi ya hau. Alamarsa, ka saki totur amma injin ya ƙi sauka da wuri, ko ya riƙa hawa da kansa. In na ɓangaren kuloci ne, zai riƙa shan man giya, hayaƙi ya yi kauri da wari, man giya na raguwa ba ka ga inda ya zuba ba.

Ni wannan darasi a hanyar Tanut na koye shi. Na sa sabon pisto a DT ɗina, wani makanike ya ce mini juwan-sipin na nan garau, ban matsa ba. Ban kai matatar mai ta SORAZ ba na ji kukan injin ya sirance, ya bushe, sai tayar baya ta ƙulle. Allah ya sa yatsuna na kan kuloci na damƙe shi. Da muka buɗe, gefen pisto na wajen salansa ya narke ya shafe a bangon silanda kamar an goga dalma. Roba ce ta kuɗi kaɗan ta ci mini pisto da silanda da yini guda a rana. Tun daga ranar, kowane tsohon injin da ya zo hannuna sai an raba shi biyu, a canja juwan-sipi da rulman karanshaf, a kama sandar pisto a ja ta sama da ƙasa. Motsin gefe kaɗan ba laifi. In ta yi motsi sama da ƙasa ko da ɗan ƙyas ne, rulmanta ya gama. A wannan aiki ba wanda ya fi wani tsakanin baburan biyu, sai dai na Suzuki za ka gama shi a mako, na DT kana iya jiran kaya wata guda.

Silanda kuma, ga shawarar da na san wasu ba za su so ba. Mai AX100 zai ga sabuwar silanda ta China da pistonta da sigma a kwali ɗaya, da araha, ya ce me zai kai shi wurin mai turna. In silandarka ta asali ce ta Japan kuma ba a cinye ta ba, kada ka yar da ita. Ana faɗaɗa raminta a sa pisto mai girma mataki-mataki: 0.25, 0.50, 0.75, har milimita 1. Ƙarfenta ya fi, ramukanta kuma an fitar da su da tsabta. Ka sayi piston tukuna, ka kai wa mai turna su biyun tare, ya auna ramin da shi. Ba a rarake silanda sannan a je neman abin da zai shiga. Bayan an gama, a goge kaifin bakin ramukan da ƴar ƙaramar zarto, in ba haka ba sigma zai riƙa karo da su har ya karye. Kibiyar da ke kan pisto ta kalli salansa. Bakin kowane sigma ya zauna a kan ɗan ƙusan da ke cikin kwarinsa. Ta China ka ajiye ta a matsayin mafita ranar da ta asali ta ƙare. Mai DT shi ma haka, sai dai shi ya fi buƙatar tattalin silandarsa, don kowane mataki da ya ci ba shi da tabbacin samun wata. Ya kuma ciro bawul ɗin ganye da ke bayan karburato ya ɗaga shi a rana: in haske na ratsawa ta gefen ganyen, ko bakinsu ya tsage, tashin safe zai riƙa ba shi wuya.

Sai rigimar famfon mai. Kowannensu ya zo da famfo mai auna man bugu biyu da kansa gwargwadon yadda ka murɗa totur. Yamaha na kiran nata Autolube, ta fara sa shi tun 1964. Suzuki na kiran nata CCI. Al'adar gari ita ce a cire shi a riƙa haɗa mai a tanki, wai famfo ba amana. A DT ana iya yin haka ba tare da ɓarna ba, don famfonsa cikin hanyar shigar iska yake zuba mai. A Suzuki ka yi hattara. A injinan Suzuki da yawa masu CCI, famfon na da tiyo na musamman da ke kai mai kai tsaye ga rulman karanshaf. Ka ƙirga tiyon da ke fita daga famfonka zuwa injin. In biyu ne, kada ka kuskura ka cire shi, don man tanki ba zai wadaci wannan rulman ba, zai mutu a hankali kana jin gurnani ba ka san daga ina ba.

Ni a duka biyun na fi son a bar famfo, a canja masa tiyo, a fitar da iskar da ke ciki ta ɗan ƙusan da aka tanada, a daidaita wayarsa da alamar da ke jikinsa. Dalilina ba na littafi ba ne. A gidajenmu babur ba na mutum ɗaya ba ne. Ƙanenka zai ara, ya tsaya wurin mai kwalba ya sa lita ɗaya zalla, ba da mugunta ba, bai sani ba ne, ya dawo maka da injin a ƙulle. In dole sai ka haɗa a tanki, to ka auna: kashi 3 cikin 100 shi ne mililita 30 a kowace lita, kashi 2 mililita 20. Tsohon injin a zafinmu, 3 na fi natsuwa da shi. Ka nemi sirinji ko ƙaramar kwalba mai alama, ba murfin galan da ido ba. Kuma man bugu biyu na gaske, mai 2T a jiki, in da hali mai alamar JASO FC ko FD. Baƙin man da aka juye daga mota ba mai ba ne a wannan injin, gawayi ne kake zuba wa sigma da salansa.

Daidaita karburato kusan hanya ɗaya ce a duka biyun, kuma sai bayan an toshe duk wata kafar iska ake fara ta; in ba haka ba kana awo ne da mudu mai huji. A wanke shi, a hura kowane jiklar, wato ɗan ƙarfe mai huji da ke auna man da ke wucewa, da iska, kada a tsokane shi da waya. Ƙusan daidaita iska a murɗa shi a hankali har ya zauna, a dawo da shi zagaye ɗaya da rabi, daga nan a nemi inda injin ya fi sakin murya. Allurar karburato ita ke mulkin tsakiyar totur, babban jiklar kuma ƙarshensa. Alƙalin duka shi ne buji, fulogi a bakin ƴan Kano. Ka sa sabo, ka hau kwalta ka buɗe wuta na ɗan lokaci, ka damƙe kuloci ka kashe injin nan take, ka ciro shi. In bakinsa ya yi launin ƙuli-ƙuli, ka dace. In ya yi baƙi da danshi, mai ya yi yawa. In ya yi fari kamar toka, tsaya nan, ƙara girman jiklar kafin ka sake hawa. Wani abin da ba a cika lura da shi ba: iskar sanyin Disamba da Janairu ta fi ta bazara nauyi, don haka injin da aka ƙure masa mai a watan Mayu don ya yi kuka mai daɗi, da asubahin hunturu zai shiga yunwa. Ka bar shi ya ɗan fi ƙoshi. Buji da ya yi baƙi ana gogewa, pisto da ya narke kuwa sai an canja. A nan Suzuki ya fi haƙuri, ko an ɗan kuskure zai ja ka zuwa gida. DT da yake ya fi shi zafin rai, kuskure kaɗan yake jira, musamman a yashi inda injin ke aiki da ƙarfi iska kuma ba ta dukansa.

Filtar iska ba ta cikin abin da ake ciniki a kai. Soso ne, a wanke shi, ya bushe, a shafa masa mai a matse har ya daina ɗiga, a tabbata bakin akwatin ya rufe ba kafa. Da hunturu ni kowace Juma'a nake duba nawa. Wanda ya cire akwatin don babur ya yi ƙara, ya sa hannu a bututun bayan wata guda, zai ji rairayi a yatsa, kuma abin da yatsa ya ji silanda ta riga ta ci.

Wuta ba ta da dogon zance. Tsofaffin da yawa volt 6 ne, fitilarsu ba ta da ƙarfi. In naka mai filatin ne, wato ƴan ƙarafan da ke buɗewa suna rufewa don ba buji wuta, ya fi son a riƙa duba shi, amma ana gyara shi a bakin hanya. In CDI ne, wato ɗan akwatin lantarki da ke wannan aiki, ba ruwanka da shi har ranar da zai mutu, ranar kuwa na AX100 za ka samu a shago kafin azahar.

Yaron ya saurara har aka kira magariba. Na tambaye shi ko yana da gona a karkara, ya ce a'a, makaranta yake koyarwa a cikin gari. Na tambaye shi ko ya taɓa raba injin biyu, ya ce bai taɓa ba. Na ce to Suzuki zai ɗauka, a kansa zai koyi hannu, in ya ɓata pisto ɗaya ba zai kwana da baƙin ciki ba. DT ɗin da ya nuna mini ba akwatin filta, ba tankin mai, salansar kuma walda ce bisa walda. Wannan na wanda ya riga ya tara kaya a ɗaki ne, ko mai tafiyar daji ta gaske da ba abin da zai yi masa sai shi. Ya yi shiru, na ga ransa na kan farin. Na ce masa in ya hau Suzuki shekara guda ba tare da ya ƙulle masa ba, ni da kaina zan raka shi neman DT cikakke.

Ranar Alhamis muka tura jan daga zauren zuwa gidana, tayoyinsa a saɓe, yara na biye da mu. Da muka cire buji muka ɗiga mai a ramin, ya kwana biyu, na ce ya taka a hankali. Pisto ya motsa. Yanzu injin na kan tabarma a rabe biyu, kusoshin kowane gefe a gwangwaninsu daban, muna jiran juwan-sipi da rulma daga Kano.